Yinin da Manomin Kankana Ya Bi Katanga

Shekara 19 na yi ina jan mota tsakanin Katsina, Kano da Jibiya kafin in ajiye sitiyari in koma sayar da motocin da ake saukewa a Kwatano. Na fara da wannan ne don a san cewa dariyar da na yi wa ɗan ƙanwata, ranar da ya ce zai kai ni kallon tseren motoci a filin Martinsville, ba dariyar wanda bai san mota ba ce. Na taɓa cin karo da abin a talabijin. Motoci wajen arba'in suna ta kewaya wuri ɗaya kamar dokin matsar rake a gidan mazarƙwaila. Kwalta sumul, babu rami, babu ɗan acaɓa, babu akuyar da za ta faɗo maka, babu tirelar da ta taho ta hannunka da fitila ɗaya. Kwanar ma kullum ta hagu ce.

Na ce masa, “Ɗana, ai wannan ko yaron motar da ya yi wata uku zai iya.”

Ya ce, “Kawu, gani ya kori ji. Kuma na riga na yanki tikiti biyu.”

A ƙarshen Oktoban 2022 ne. Na je wurinsa a Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa a Amurka, don in ga da idona yadda ake gwanjon motocin da yake turo mini. Garin cike yake da mutanen Nijar, Hausawa da Zabarmawa, har idan an taso daga sallar Juma'a ka rufe ido sai ka ɗauka a Maraɗi kake. Sai dai duk wanda na gaya wa inda za mu, bai taɓa leƙa wurin ba, alhali tafiyar ta awa ɗaya ce. Wani ma ce mini ya yi, “Alhaji, me ya haɗa ka da harkar fararen ƙauye?”

Ranar Lahadi, 30 ga wata, muka kama hanya da hantsi. Titi mai lamba 220 ya miƙe da mu arewa, kimanin kilomita 80, har muka tsallaka cikin jihar Bajiniya. Lokacin kakarsu ne, ganyen itatuwa ya koma ja da rawaya, dajin duka kamar an yi masa rini. Muna dosar wani ɗan gari da ake kira Ridgeway sai tafiya ta koma ta hawainiya. Mutanen unguwa sun fito ƙofar gidajensu da kwalaye a hannu suna sayar da wurin ajiye mota a kan ciyawarsu. Wata dattijuwa ta yafito mu, ta karɓi kuɗinta, ta nuna mana gindin wata bishiya. Na ce a raina, ashe ko'ina ranar kasuwa ranar makwabtan kasuwa ce.

Daga nan muka taka da ƙafa. Fili ne iya ganinka, cike da motocin nan masu ɗaki da gado a ciki, wasu sun kwana biyu a wurin, wasu uku. Kowace da tuta mai lambar gwanin mai ita: 9, 11, 5, 22. Hayaƙin gashi ya turnuƙe, ga gwangwanayen giya tun rana ba ta take ba. Ni kuwa kaftani ne a jikina da rigar sanyi a sama, da hulata zanna. An kalle ni, ba zan ce ba a kalle ni ba, amma kallon mamaki ne. Ɗan ƙanwata ya ce da a ce shekara uku baya muka zo, da mun ga tutar nan ta 'yan Kudu, waɗanda suka yi yaƙi don kada a 'yanta bayi, tana kaɗawa ko'ina. A watan Yunin 2020 hukumar tseren, NASCAR, ta hana shiga da ita.

Da azahar ta yi muka sami wani lungu tsakanin motoci biyu, muka yi alwala da ruwan gora, muka shimfiɗa rigunan sanyinmu, muka haɗa ta da la'asar irin ta matafiya. Mutanen da ke kusa suna ta kiɗa. Muna tayar da kabbara na ji an rage sautin, kuma ba a mayar da shi ba sai da muka sallame. Babu wanda ya ce da kowa komai.

Filin tseren na Martinsville a cikin kwari yake, sai ka hau matakala ka ɓullo ta sama sannan ka gan shi gaba ɗaya a ƙarƙashinka. Abin da ya fara ba ni mamaki ƙanƙantarsa. Zagaye ɗaya mita 847 ne, bai kai kilomita ba. Miƙaƙƙun layuka biyu, dogaye, da kwana biyu matsattsu a kowane kai, siffar kilif ɗin haɗa takardu sak, kuma da wannan suna ma suke masa kirari. Miƙaƙƙun kwalta ne, cikin kwanonin kuma kankare. A tsakiya an jera manyan tirelolin da suka ɗauko motocin, can baya kuma ga layin dogo. Zagaye 500 za a yi, wato kilomita 423, kusan Kano zuwa Abuja ke nan, a cikin wurin da da ƙafa ma minti goma ya ishe ka ka kewaye shi.

Bencinmu na sama, yana fuskantar kwana ta 4, wadda daga ita sai layin ƙarshe. A hannun damana wani tsoho ne fari, mai furfura, da hular hana-sallah baƙa wadda ta koɗe, an rubuta 3 a goshinta. Turancin mutanen yankin kamar na mai magana da goro a baki yake, ɗan nawa Turancin bai kamo shi ba, don haka ɗan ƙanwata ya zama tafinta. Tsohon ya ce a masana'antar kujeru da gadaje ya ƙare ƙuruciyarsa, lokacin da duk yankin da aikin katako da saƙa yake ci, kafin akasarin masana'antun su rufe. Tun yana yaro babansa ke kawo shi nan. Da ya ji ni tsohon direba ne sai ya gyara zama, ya ga ya sami ɗalibi.

Daga bakinsa na ji asalin abin, kuma ban san lokacin da na fashe da dariya ba. A tsaunukan yankin akwai masu dafa barasa a ɓoye, tun zamanin da Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, har bayan nan ma, don gudun haraji. Masu kai ta birni cikin dare sai su sami mota wadda a ido ba ta da bambanci da ta kowa, su ƙara wa injin ƙarfi, su ƙara mata sifirin don kada nauyin kaya ya tona asiri, su cire kujerar baya. Ranar hutu kuma sai musu ya tashi kan motar wa ta fi gudu, a tafi fili a raba gardama. Na ce wa ɗan ƙanwata, “Gaya masa na san mutanen nan. A Jibiya suke, Fijo 504 suke ja, shinkafa da fetur ne kayansu.” Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce ɗaya daga cikin manyansu, Junior Johnson, sai da ya yi wata 11 a kurkuku a kan tukunyar barasar gidansu, ya fito ya ci tsere 50, daga baya Shugaba Reagan ya yafe masa a 1986.

Shi filin, wani mai suna H. Clay Earles ne ya buɗe shi a 1947, yana turɓaya, shekara guda kafin Bill France ya kafa NASCAR ɗin kanta a 1948. Sai a 1955 aka shimfiɗa masa kwalta. Tun da aka fara babbar gasar a 1949, shi kaɗai ne filin da ba a taɓa tsallake shi ba ko shekara ɗaya.

Sunan da suke kiran motocin da shi, stock car, ma'anarsa motar kanti, irin wadda kowa zai shiga shago ya saya. A da can haka abin yake. Yanzu kam suna ne kawai ya rage. Da aka turo su layi, 36 reras, ɗan ƙanwata ya nuna mini wata ya ce, “Kawu, ga hajarka can, Camry.” Na ƙura ido. Ni da na sayar da Camry ba adadi, ban ga abin da na sani ba sai tambarin hanci. Babu ƙofa, ta taga direba ke zurawa, a ja masa raga. Fitilun gaba sitika ce aka manna. A ciki kujera ɗaya ce tal, kewaye da kejin bututun ƙarfe, ga inji mai silinda 8 da ƙarfin doki 670. Sauran kuma an ce Mustang ne na Ford da Camaro na Chevrolet, su ma dai haka.

Aka gabatar da direbobi ɗaya bayan ɗaya. Chase Elliott, mai lamba 9, shi ya kwashe tafi. Denny Hamlin, mai lamba 11, ɗan jihar ne, amma rabi tafi rabi ihu aka yi masa. Wani fasto ya yi addu'a, aka yi taken ƙasa, kowa ya cire hula ya dafa ƙirji. Ɗan ƙanwata ya miƙo mini wasu 'yan soso biyu na toshe kunne. Na ture hannunsa. Ni da na yi shekaru kusa da injin Bedford, wace ƙara za a nuna mini?

Sai lasifika ta ce direbobi su tayar da injinansu.

Ba a kunne na fara jin ta ba, a ƙirji na ji ta, da cikin haƙora. Bencin alminiyon da muke kai ya ɗauki rawa. Motocin ba su da abin rage ƙara a salansa, ga tudun 'yan kallo ya kusa kewaye wurin kamar kwano, ƙarar ba ta da hanyar fita. Da aka kaɗa koriyar tuta suka taka gaba ɗaya, ban san lokacin da na damƙi hannun yaron ina lalubar soson nan ba. Ya ba ni, bai ce komai ba, amma na ga haƙoransa.

Zagaye goma na farko ban gane komai ba, launuka ne kawai ke wucewa duk bayan daƙiƙa 20. Tsohon ya taɓa ni, ya nuna idonsa, ya nuna bakin kwana ta 3, ya ɗaga yatsa ɗaya. Wato in zaɓi mota ɗaya, in kalli wuri ɗaya. Na bi shawararsa, kuma a nan girman kaina ya fara zubewa.

Mota takan fito daga kwana ta miƙe, ta haura mil 100 a awa cikin tazarar da ba ta kai mita 250 ba, sai ga wata kwanar ta tare ta. Kuma kwanar nan kusan a shimfiɗe take. Karkatarta digiri 12 ce kawai, ba kamar ta filin tseren Daytona mai 31 ba, inda gangaren kansa ke riƙe mota. A nan babu mai riƙe ka sai birkinka. Dole ka zubar da kusan rabin gudun, ka sauke giya, ka manna tayar hagu a jikin dakalin ciki, ka jira hancin motar ya juya, sannan ka koma kan totur a hankali. Ka yi saurin taka birki, na baya ya sa maka hanci. Ka makara, motar ta zarce da kai sama, uku su wuce ta ƙarƙashinka. Ka yi wa totur garaje, tayoyin baya su yi ta murza a banza, bayan zagaye 40 sun cinye, ka koma abin tausayi. Haka za ka yi sau biyu a kowane zagaye, sau 1,000 kafin a tashi, da mota a gabanka da wata a bayanka, tsakaninku bai fi kamu ɗaya ba. Da yamma ta fara yi, ta tsakanin ƙarafan wili ana hango faifan birki ya yi jajir kamar ƙarfe a maƙera.

Ashe tseren birki ne. Duk wanda ya taɓa saukowa gangaren Riyom da lodi ya san cewa birki dukiya ce mai ƙarewa, wanda ya kashe tasa da wuri shi ke kuka a ƙasa. Abin da mutanen nan ke yi ke nan, tattali, awa uku da wani abu.

Wucewa kuwa sai da dabara. Layin ciki shi ne gajere, kowa shi yake so, don haka sai ka ga mutum ya bi bayan wani zagaye 15, 20, yana auna shi, yana jiran ya yi kuskure. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In bangon ya ƙi tsagewa, akwai wata hanya, kuma doka ba ta hana ba: a tsakiyar kwana ka ɗan dungure shi da bamba, kaɗan, yadda zai goce taku ɗaya, ka zura hanci. In ka yi da gwaninta a tafa maka. In ka yi da yawa ya juya ya daki katanga, to ka ci bashi, kuma a wannan fili ba a mantuwa. Tsohon ya ce sabuwar motar da aka fito da ita a shekarar ta ɓata wasan, ta cika riƙe ƙasa, ko an dungure ta ba ta gocewa. Ya faɗa da fuskar da tsofaffin direbobinmu ke yi in ana zancen mota mai giyar otomatik.

Ɗan ƙanwata ya yi hayar wata na'ura mai abin sawa a kunne, wadda ake jin maganar direba da mutanensa. Ya ɗora mini. Kowane direba yana da mutum a can kan rufin gini, riƙe da madubin hangen nesa, yana gaya masa abin da ba ya gani: akwai mota a cikinka, tana nan, tana nan, ka fita. Murya a kwance, kamar mai karanta lissafin kuɗi. Na ce ashe su ma da yaran motarsu, sai dai nasu ba ya lilo a bayan bodi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne canjin taya. Idan aka kaɗa tuta rawaya saboda haɗari ko tarkace, sai kusan duka su kwararo layin bakanikai, inda ba a yarda ka wuce mil 30 a awa ba. Mota ba ta gama tsayawa ba mutum biyar sun diro daga kan katanga: mai jak, masu kwance taya biyu, mai ɗauko taya, da mai tulun fetur a kafaɗa. Mai jak ya danna sau ɗaya gefen mota ya tashi. Noti ɗaya ne tal a tsakiyar kowace taya, bindigar iska ta yi ƙara fiit, tsohuwa ta fita, sabuwa ta shiga, su zagaya ɗaya gefen da gudu. Taya huɗu da mai, cikin daƙiƙa 10 zuwa 12. An ce da yawansu tsofaffin 'yan wasan ƙwallon jami'a ne aka ɗauko aka horar. Na tuna mai facin bakin tasharmu, wanda sai ya gama shan shayi, ya amsa waya, sannan ya aiki yaro aron sifana. Allah ya ba shi haƙuri, a ranar na ci amanarsa a zuci.

Kada in yi ƙarya, tsakiyar tseren ya gundure ni. Hamlin ya shige gaba ya zauna, ya cinye zangon farko da na biyu cikin ukun da aka raba tseren, ya ja ragama zagaye fiye da 200. Sanyi ya fara shiga ƙafata, ƙurar roba baƙa ta sauka a kan farin kaftanina. Jama'a suka yi ta sauka suna dawowa da wani burodi mai jan tsiren nama a ciki, an lafta masa miyar niƙaƙƙen nama da kabeji da albasa, dala 2 kowane, wanda aka ce filin ya yi suna da shi. Tsohon ya sayo uku ya miƙo mana biyu. Yaron ya yi masa bayanin cewa akwai alade a ciki. Bai ji haushi ba, ya cinye ukun. Mu kuma muka buɗe kular dambun shinkafa da matar ɗan ƙanwata ta haɗo mu da ita, na zuba masa a murfi. Yajin ya sa shi hawaye, amma ya miƙo murfin a ƙara.

A wannan zaman ne ya ba mu labarin agogo. Wanda ya ci tsere a Martinsville ba kofi ake ba shi ba, agogon katako ne na tsaye, wanda ya fi mutum tsawo, irin mai kaɗa ƙararrawa. Tun 1964 ake haka, Fred Lorenzen ne ya fara ɗauka, kuma a nan Ridgeway ake ƙera shi a lokacin. Richard Petty ya ci tsere 15 a filin. Na ce to shi wannan gidansa in sha biyu ta buga ai sai makwabta su fito.

Ni na tambaye shi ko baƙar fata na shiga wannan harka. Ya nuna mini mota mai lamba 45, ya ce Bubba Wallace ke ciki, kuma Michael Jordan na ƙwallon kwando na cikin masu ita, shi da Hamlin. Sai ya ɗan yi shiru, ya nuna gabas da haɓa, ya ce garin Danville na nan kusa, can ne gidan Wendell Scott. Direban tasi ne kuma bakanike, shi ma ya yi dakon barasa, da hannunsa yake gyara motarsa, 'ya'yansa ne masu canza masa taya. A Disambar 1963 ya ci tsere a Jacksonville ta jihar Filorida, amma aka kaɗa wa wani farar fata tuta, aka ba shi kofi. Sai da jama'a suka watse aka ce an sake lissafi, Scott ne ya ci. Ya rasu a 1990 bai riƙe kofin ba, sai a 2021 aka miƙa wa iyalinsa. Wallace kuma a wannan fili na Martinsville ya ci tseren akori-kura a 2013, baƙar fata na farko da ya ci wata gasar ƙasa ta NASCAR tun bayan Scott, shekara 50 ke nan. Tsohon ya faɗi wannan yana kallon motoci, bai kalle ni ba.

Wajen zagaye na 400 yaron ya fara yi mini lissafi a bayan tikiti. Tseren yau shi ne na biyun ƙarshe a shekara. Mutum 8 suka rage a neman kambu, yau za a zubar da 4. Joey Logano ya riga ya haye. Christopher Bell, mai lamba 20, ba shi da mafita sai ya zo na ɗaya. Kujerar ƙarshe kuma tsakanin Hamlin ne da wani Ross Chastain, mai lamba 1, kuma su biyun sun shekara suna dungurar juna. Ya ce Chastain ɗan manoman kankana ne daga Filorida, kaka da kakanni, in ya ci tsere ma kan motarsa yake hawa ya fasa kankana da ƙasa. Tun safe ban lura da shi ba, yana can tsakiya yana fama.

Saura zagaye talatin da 'yan kai aka kaɗa rawaya. Manyan suka shiga suka sa sababbin tayoyi, Chase Briscoe ya yi caca ya ƙi shiga, ya tsinci kansa a gaba da tsofaffi. Tun daga nan babu wanda ya sake zama. Bell ya yi ta cin su ɗaya-ɗaya, saura zagaye 5 ya ture Briscoe ya wuce. Hamlin, wanda tsayawar canjin taya ta mayar da shi baya, ya farfaɗo ya wuce Chastain, ya ba shi tazara. Da aka kaɗa farar tuta, alamar zagayen ƙarshe, Chastain na 10 ne, yana bukatar wuce mota biyu kafin ya ƙwace kujerar daga hannun Hamlin, kuma ko kusa da su bai yi ba. Yaron ya ninke tikitinsa ya ce, “Shi ke nan, Kawu, Hamlin ya shiga.”

Ina kallon Bell yana fitowa daga kwana ta 4 sai tsohon ya damƙi kafaɗata da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba.

A bakin kwana ta 3, daidai inda na yini ina kallon kowa na taka birki, wata mota ba ta taka ba. Na ɗauka birkinta ya tsinke, har na ce innalillahi. Ta tafi sama ta manna gefen damanta da katangar waje, kuma maimakon ta tarwatse sai ta bi katangar. Ta kwanta a jikinta kamar jirgin ƙasa a kan dogo, hayaƙi da ƙura na tashi, ƙarfe na kuka, tana gudun da ya kusa ninka na sauran. Motocin da ke ƙasa suka zama kamar an ajiye su. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, ta zo ta gabanmu har bencin ya girgiza, ta faɗo kan miƙaƙƙen layi, ta sha gaban mai lamba 11 da abin da bai fi tsawon hanci ba, a kan layin ƙarshe.

Wurin ya yi tsit na kamar numfashi ɗaya. Sannan ya fashe. Na ji ihun mutane ta cikin soso, ta saman injina. Wani ƙato a gabanmu ya dafe kai da hannu biyu yana juyawa yana tambayar kowa. Tsohon ya cire hularsa yana dukan gwiwa da ita. Ni kuma, Alhaji guda, mai jikoki, na tsinci kaina a tsaye a kan benci, hulata a hannu, ina faɗin abin da ban tuna ba.

Daga na 10 ya koma na 5, Hamlin ya fita. Zagayen ya ɗauke shi daƙiƙa 18.845, kuma babu motar wannan gasa da ta taɓa kewaya filin da sauri haka cikin shekara 75 da gina shi. Da aka sa masa makirufo, ya ce giya ta biyar ya sa, ya take totur har ƙasa, ya jingina motar da katanga ya saki sitiyari, fargabarsa ɗaya kada ya kama ƙofar shiga da ke jikin kwana ta 4. Da aka tambaye shi inda ya samo dabarar, ya ce a wasan tsere na na'urar GameCube da yake yi yana yaro ɗan shekara 8. Shi kuwa Bell, bawan Allah, ya yi abin da ya kamata a yi ta zance, ya ci tseren da dole sai ya ci, an ba shi agogonsa, amma rabin jama'a allon maimaici suke kallo.

Muna saukowa tsohon ya nuna katangar, inda fenti ya goge baƙi tun daga kwana ta 3 har ta 4, ya taɓa lambar da ke hularsa. Ya ce mai lamba 3, Dale Earnhardt, katanga ce ta kashe shi a zagayen ƙarshe na tseren Daytona a Fabrairun 2001. Bayan mutuwarsa aka tilasta wa direbobi sa abin riƙe wuya, aka lulluɓe katangun kankare da bututun ƙarfe mai soso a baya. Ya ce ba don haka ba, yaron nan ko a mafarki ba zai gwada ba. Muka yi musabaha, ya tafi yana ɗingishi cikin taro.

A mota, cikin cunkoson fita wanda ya ci mana fiye da awa, muka yi ta musu. Yaron ya ce basira ce. Na ce ganganci ne, kuma na san inda ganganci ke kai direba, na yi wa abokai da yawa sallah a kansa. Mu abin da aka rubuta mana a bayan manyan motoci shi ne hanyar lafiya a bi ta da shekara. Mutum 35 sun yini suna tattalin birki da taya, wani ya zo ya share duka da rufe ido. Ya ce, “To Kawu, wa na gani a kan benci?” Na ce ya kula da tuƙinsa.

Ba ni kaɗai ba ne ashe. Cikin direbobin ma akwai waɗanda suka ce abin kunya ne, wasu suka ce a yi doka kafin kowa ya mayar da shi sana'a. Mako na gaba a Phoenix Logano ya ɗauki kambu, Chastain ya zo na biyu a shekarar. A Janairun 2023 NASCAR ta sanar cewa duk wanda ya sake bin katanga haka za a hukunta shi. Bayan wata biyu kuma aka yanke wani ɓangare na katangar aka adana shi don tarihi, shi Chastain ɗin ma aka gayyato ya taya cirewa.

A daren, kunnuwana na ta shiii, na tura bidiyon a zauren WhatsApp na tsofaffin direbobin tasharmu, na rubuta cewa a gabana aka yi. Can asuba ta gida ta yi, amsoshi suka fara shigowa. Wani ya ce an ƙara wa hoton gudu. Wani ya tambaya ko motar ta sayarwa ce, tunda gefe ɗaya kawai ta bugu. Shugabanmu na da, wanda shi ya koya mini riƙon sitiyari, ya turo saƙon murya: “Alhaji, mun san ka je Amurka. Amma ka daina turo mana wasan kwamfuta na yara.”